Jan farce mai daɗewa: ƙaƙa ake fidda shi a gida?

In an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sai bukukuwa su tashi a Arewa. Lokacin ne ƴan mata da amare ke neman kwalliya. Tun zamanin kakanni, kwalliyar hannu da ƙafa lalle ce. Yanzu wani sabon abu ya shigo, shi ne jan farce mai daɗewa.

A manyan garuruwa aka fi yin shi, kamar Yamai, Doso, Birnin Kebbi da Sakkwato. Yarinya ta tafi birni ganin dangi ko sayen kayan aure, a shafa mata shi. Ta komo Tibiri, ko Dumega, ko Kore Mai Ruwa, ko Gesheme, akaifunta suna ƙyalli. Kowa ya gani shi yaba.

Wahala daga baya take zuwa. Ranar da ta so fidda shi, sai shi ƙiya. Ruwa da sabulu ba su yi mashi komi. Wadda ta shafa shi tana can birni, komawa can sai da kuɗin mota. Sai yarinya ta ɗauki reza ta shiga kankara, ko ta sa haƙori ta ɓamɓare. Nan ne akaifa ke lalacewa. Wata har ta ji ma kanta ciwo.

Ana iya fidda shi a gida ba tare da ɓarna ba. Amma sai an san abin, an samu kayan aiki, an kuma yi haƙuri.

Jan farce iri 3 ne

Na farko shi ne na kullum, na ƴan kwalabe da ake saidawa a kasuwa. An daɗe da sanin shi. Kamfanin Revlon na Amurka ya fara saida nashi tun 1932. In an shafa, iska ce ke busar da shi. Bayan ƴan kwanaki sai shi fara zubewa.

Na biyu shi ne mai daɗewa. Da Faransanci ana rubuta semi-permanent. Ya bazu cikin duniya daga shekarar 2010, lokacin da wani kamfanin Amurka mai suna CND ya fito da nashi, Shellac. Iska ba ta busar da wanga. In an shafa, sai an sa hannu cikin wata ƴar akwati mai fitilar lantarki, daga daƙiƙa 30 zuwa minti 2. Ana shafawa sau 3 ko 4, kowane shafi da shiga fitila. Shina kai sati 2 ko 3 bai motsa ba.

Na ukku su ne akaifun ƙari. Wasu na roba ne, ana manna su da gam. Wasu gina su ake bisa akaifa, su yi kauri da tsawo.

Ga yadda ake ganewa. In ba a sa hannu cikin fitila ba, kuma ba a ƙara tsawo ba, na kullum ne. In an sa hannu cikin fitila, shafin bai da kauri, mai daɗewa ne.

Mi ya sa shike da wuyar fita?

Jan farce na kullum kamar ƙaro shike. Ƙaro in ya bushe shina yin tauri, amma in an zuba mashi ruwa sai shi narke. Haka na kullum shike narkewa cikin ruwan goge jan farce. Minti guda ya isa.

Mai daɗewa kamar siminti shike. Cikin kwalba ruwa ne mai kauri. In hasken fitilar ya taɓa shi, ƴan ƙwayoyin da ke ciki sai su sarƙe da juna kamar saƙar tabarma. Daga nan ba shi komawa ruwa. Shi ya sa gogewa da auduga ba ta fidda shi.

Maganinshi wani ruwa ne mai suna aseton. Aseton ma ba shi narkar da shi sarai. Shiga cikinshi shike yi sannu-sannu, shi kumbura shi, har shafin shi tattare shi saki akaifa. Wanga aiki na son lokaci. Wadda ta yi garaje ita ke ɓata akaifarta.

Abin sani game da akaifa

Akaifa, wadda wasu ke ce ma farce, da gashin kai da ƙahon sa da kofaton doki duk abu guda anka yi su da shi. Kaurinta wajen rabin milimeta ne. Hawa-hawa take, kamar ɓawon albasa.

Jan farce mai daɗewa shina kama hawan sama da ƙarfi. In an ɓamɓare shi, sai shi taso da hawan akaifa. Shi ya sa ake ganin fari-fari a bayanshi. Akaifa ta yi laushi, tana tsagewa, tana zafi in ta taɓa ruwa.

Wurin da ya lalace ba shi gyaruwa. Sai an jira sabuwa ta fito daga gindi. Akaifar hannu tana ƙaruwa da wajen milimeta 3 a wata. Kafin ta sake gaba ɗaya, sai an yi kamar wata 6. Ta ƙafa ta fi nawa: shekara guda, wani lokaci har shekara da rabi. Ɓarnar minti 5 sai ta sa a yi wata 6 ana jiyya.

Don mi ake buƙatar fidda shi?

Na farko, alwala da wankan tsarki. Malamai sun ce dole ruwa shi taɓa hannu da ƙafa duka, har akaifu. Jan farce kuwa rufi ne, ruwa ba shi ratsa shi. Mata da yawa suna shafa na kullum kwanakin da ba su salla, ran wanka su goge. Mai daɗewa bai san wagga dabara ba. Kwanakin al'ada sun ƙare, shi ko shina nan daram. Wadda ba ta tanadi aseton ba, a ran nan take ɗaukar reza.

Na biyu, gidan likita. In mace ta je awon ciki, ana duba idonta da tafin hannunta da akaifunta. In sun yi fari, alamar ƙarancin jini ce. Akwai kuma wani ɗan maƙali da ake sa ma yatsa, shina auna iskar da ke cikin jini. Jan farce mai duhu na iya ruɗa shi. Mai tsohon ciki, da wadda za a yi ma aiki, su fidda shi tun da wuri.

Na ukku, aikin gida. Macen karkara tana daka, tana surfe, tana jan ruwa a rijiya, tana aikin lambu cikin fadama. Bakin shafin sai shi ɗaga. Ruwa da dauɗa su shiga ƙarƙashi su zauna. Da wanga hannu ake dama fura, da shi ake ba yaro abinci. Shafin da ya fara ɗagawa, ko ya kai sati 3, lokacin fitarshi ya yi.

Kayan da za a tanada

Aseton. Ana neman shi a farmasi, ko shagon kayan kwalliya na manyan garuruwa. A karanta kwalba kafin a biya. In an rubuta acétone, shi ne. In an rubuta sans acétone, wato babu aseton ciki, na goge jan farce na kullum ne, ba shi iya wanga aiki. Kar a karɓi ruwan da anka zuba cikin kwalba marar suna.

Auduga mai tsabta.

Takardar alminiyom, ko farar leda marar rubutu. A yanka ta gida 10, kowane kamar faɗin tafin hannun yaro.

Ƴar magagarin akaifa, mai laushi.

Ɗan itace mai faɗin baki, marar tsini.

Basilin ko man kaɗe.

Tsumma mai tsabta, da ruwan ɗumi, da sabulu.

Inda za a zauna

Aseton ya yi kama da ruwan sha, amma shina kama wuta kamar fetur. Tururinshi ya fi iska nauyi. Shina bin ƙasa, har shi kai ga murhu, wuta ta biyo shi ta komo wurin kwalba. Saboda haka kar a buɗe shi cikin madafa. Kar a buɗe shi kusa da garwashin shayi, ko kaskon turare, ko fitilar kananzir, ko mai shan taba. Ɗakin amarya ba shi rabo da turaren wuta, a kula da wanga ƙwarai.

Kar a zauna cikin ɗaki a rufe. Warinshi na sa ciwon kai da jiri. A zauna tsakar gida, cikin inuwa, inda iska ke wucewa.

Aseton na tafasa in zafi ya kai digiri 56. A watan Afrilu da Mayu zafin Arewa na wuce 40. Da tsakar rana sai shi tsere daga auduga tun bai yi aiki ba. An fi son a yi da safe ko da marece. Duk lokacin da anka zuba, a rufe kwalba.

A shimfiɗa tsohon tsumma. Aseton na ɓata fenti da wasu kayan roba da wasu yadudduka. A aje salula nesa.

Yadda ake yi

1. A goge ƙyallin sama da magagari. Hawan sama shi ne mafi tauri, shi ke hana aseton shiga. A goga sannu har ƙyallin shi dushe. Launin shi rage. In an fara ganin akaifa, an wuce wuri.

2. A shafa basilin ko man kaɗe ga fatar da ke kewaye da akaifa. Aseton na busar da fata, mai ne ke kare ta. Kar man shi hau kan jan farcen.

3. A yanki auduga daidai girman akaifa. In ta yi yawa, fata ce za ta sha aseton a banza.

4. A jiƙa audugar sosai, a ɗora bisa akaifa, a naɗe yatsa da takardar alminiyom ko leda. A naɗe gam yadda iska ba ta shiga, amma kar a matse har jini shi tsaya.

5. A jira minti 10 zuwa 15. A duba agogo, kar a yi ƙiyasi. Kar a dinga buɗewa ana leƙe.

6. A kwance yatsa guda. Za a ga shafin ya tattare, ya ɗaga. A ture shi da ɗan itacen nan, daga gindi zuwa baki, da hannu marar nauyi. Abin da ya rage a goge da tsumma mai ruwan ɗumi. In an gama da wagga yatsa, sannan a kwance ta gaba. In an kwance su duka gaba ɗaya, aseton zai tsere, shafin shi koma tauri.

7. In wani wuri ya ƙi fita, kar a yi ƙarfi. A sake jiƙa auduga, a sake naɗewa minti 5.

8. A wanke hannu da ruwa da sabulu. A shafa mai ga akaifu da fatar gefensu. A dinga shafawa safe da dare har kwana 7.

Mai yi ita kaɗai ta fara da hannu guda, in ta gama ta koma ɗayan. In akwai ƙawa ko ƴar'uwa da za ta kama mata, aikin ya fi sauri. Duka bai wuce awa guda ba. Na ƙafa ma haka ake yi.

Akaifun roba da anka manna da gam, aseton na sakin su. A fara rage tsawonsu, a ƙara lokacin jira. Amma akwai irin da ake ginawa mai tauri ƙwarai, wanda aseton bai iya ma komi. In an naɗe sau 2 ko 3 bai motsa ba, a bar shi haka nan. Wanga sai gwanar aikin.

Abin da ba a yi

Ba a sa reza, ko wuƙa, ko aska, ko haƙori.

Ba a ɗora aseton bisa wuta wai don shi yi sauri. Gobara ce.

Ba a tsoma hannu duka cikin kwanon aseton. Fata na bushewa ta tsattsage, aseton kuma shi ƙare da wuri.

Ba a amfani da fetur, ko kananzir, ko ruwan da masu fenti ke tsinka fenti da shi, ko ruwan batir. Suna ƙona fata, wasunsu guba ne.

Cikin salula ana yaɗa dabaru iri-iri: lemun tsami, man goge haƙori, turare, ruwan zafi. Ko guda ba shi kwance shafin da fitila ta ƙafar. Mai yin su in ta gaji, ɓamɓara take komawa.

Akwai wani mai kauri da ake talla, wai in an shafa minti kaɗan jan farce shi farfashe da kanshi. Hukumar binciken abinci da magani ta Amurka ta auna irinshi. Ta iske wasu da sinadarin kankare fenti, wanda anka hana sa shi cikin kayan kwalliya. A yi hattara da shi.

In ba a samu aseton ba

A yi saƙo ga mai zuwa Dogon Dutsi ko Doso. A rubuta mashi sunan a takarda, don kar shi sayo wani abu daban. Kafin shi iso, in bakin shafin ya ɗaga, a datse wurin da ya ɗaga kawai, kar a ja. Batun salla cikin waɗanga kwanaki, a tambayi malami.

Wadda ba ta da gaugawa tana iya barin shi. Ta dinga yanke akaifa sau guda a sati, shafin na tafiya da ita har shi ƙare. Wagga hanya ba ta ɓarna, amma wata da watanni take ci.

In tsautsayi ya faɗa

In aseton ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta, a dinga zubawa har minti 15. In zafi bai daina ba, a tafi gidan likita.

In yaro ya sha, kar a sa shi amai. Kar a ɗura mashi mai ko nono. A kai shi gidan likita nan da nan, a riƙa kwalbar don ma'aikata su ga abin da ya sha.

In an gama aiki, a rufe kwalba gam, a aje ta sama inda yara ba su kai, nesa da rana da wuta. Kar a juye aseton cikin gorar ruwa ko kwalbar lemu. Audugar da anka yi aiki da ita, a bari ta bushe a fili kafin a yar. Kar a jefa ta murhu.

Yaushe za a tafi gidan likita?

In gefen akaifa ya kumbura, ya yi ja, shina zuga, ko ya tara mugunya.

In akaifa ta yi kore. Ƙwayar cuta ce ta zauna inda ruwa ya kwanta. Kar a rufe ta da sabon shafi.

In akaifa ta rabu da nama.

In yatsu na ƙaiƙayi, suna ƙuraje ko saɓa, ko fatar ido ta kumbura. Alama ce jiki bai karɓi jan farcen ba. Irin wanga in ya kama mutum ba shi saki. Ta bar shafawa kwata-kwata. In ta je wurin likitan haƙori ta gaya mashi, don wasu abubuwan cike haƙori dangin wanga sinadari ne.

Mai ciwon suga kar ta jira. Ƙaramin rauni a yatsar ƙafa na iya zama babba gare ta.

In yatsa na da rauni tun farko, kar a sa mata aseton sai ta warke.

Kafin a shafa

Mai son wagga kwalliya ta yi tambaya 3 kafin ta miƙa hannu. Wane iri ne? Aseton na fidda shi? Ina ake samun aseton? Ta sayi kwalbarta tun tana birni, ta komo da ita.

Ta duba tsabtar kayan aiki. Almakashi da ƴan ƙarafan da anka taɓa jinin wani da su, in ba a dafa su ba, suna iya ɗauko ciwon hanta. Haka shike ga masu yankan akaifa na kasuwa. Kowa shi riƙe abin yankanshi.

Ta kuma san cewa daga 1 ga Satumba 2025, ƙasashen Tarayyar Turai sun hana wani sinadari mai suna TPO cikin kayan kwalliya. Da shi ake sa wasu jan farce su ƙafe cikin fitila. An hana shi saboda gwajin da anka yi bisa dabbobi ya nuna shina iya taɓa haifuwa in ya yi yawa. Wasu kwalabe yanzu suna ɗauke da rubutu sans TPO, wato babu shi ciki.

In an fidda shafi, a bar akaifu su huta sati 2 ko fi kafin a sake wani.

Lalle kuwa na nan. Rini ne, shiga akaifa shike, ba shi yin rufi bisanta. Ruwa na taɓa ta, shi ya sa malamai ba su hana alwala da shi. Ba a neman fitila, ba a neman aseton. In akaifa ta girma, shi tafi da kanshi. Abin gudu shi ne baƙin rinin gashi da wasu ke garwaya shi da lalle don shi yi baƙi da sauri, don shina ƙona fatar wasu mutane.

Hausawa sun ce mai haƙuri shi kan dafa dutse. Jan farce mai daɗewa bai kai dutse ba, minti 15 ne. Wadda ta iya karatu ta karanta ma ƙawayenta da ƙannenta wanga bayani, tun ba a kai ga reza ba.